Salatif Ɗin da Ya Shekara Uku a Jikin Mota

Ƙarfe shida da rabi na safe, tun masu kayan miya ba su gama baza hajarsu a bakin lungunmu na birnin Malang ba, za ka ji ana ɗaga ƙofar ƙarfen shagon Cak Solikin. Ba mai shagon ba ne, shi a lokacin yana can yana rama barcin bayan asuba. Bu Warsinah ce, wadda kowa ke kira Bu Sinah. A nan, Bu ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak ko Cak. Shekara ashirin da bakwai ke nan ita ke buɗe ƙofar nan. Takan rataye jakarta a ƙusa, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar mai shirin shiga tiyata, ta goge farantin gilashin da take yanka a kansa, sannan ta jera kayanta: reza, matsefata, tsinken sakace, auduga, da naɗin salatif wajen iri shida. Sai ta zauna ta jira rana ta shigo ta taga, don ba ta yarda da hasken lantarki ba. Cewa take yi ƙarya yake yi wa ido.

Aikin shagon fentin ƙananan motoci ne, irin waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda magidanta masu furfura ke saya su kulle a durowar gilashi su hana 'ya'yansu taɓawa. Cak Solikin ke fesa fenti. Ita kuwa Bu Sinah, nata shi ne ta rufe duk inda ba a son fenti ya taɓa, in an gama ta ɓare, ta bar mota tas babu ɗigon gam. Layin nan da kake gani a gefen mota miƙe sambal, ja a nan fari a can, babu wanda ya shiga gonar wani, aikinta ne. Amma in mai mota ya zo, hannun Cak Solikin yake kamawa ya girgiza, ya ce, "Cak, wannan hannu naka akwai albarka!" Shi kuma ya washe baki ya karɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni abin haushi yake ba ni, ita ko a jikinta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye reza. Tun bara hannunta na dama ya fara rawa, kuma ita ba irin mutanen da ke jira sai an ce musu sun gaza ba ce. Shi ya sa na ga bai kamata ta tafi shiru ba, balle ga aikin ƙarshe da ta yi, wanda rabin lungun nan shaida ne.

Sai dai wanda bai san yadda take da salatif ba, ba zai gane nauyin wancan aiki ba. Ba ta taɓa warware shi daga naɗi ta manna a mota kai tsaye ba. Sai ta fara liƙa shi a bayan hannunta na hagu ta ɓare, sau biyu ko uku, gam ɗin ya rage ƙarfi. Wurin har ya yi sumul, ko silin gashi babu, Cak Solikin kan ce da shagon aski ta buɗe da tuni ta yi suna. Bakin salatif yadda ya fito daga kamfani ma ba ta amince masa ba, ta ce ƙura ya kwasa a hanya. Sai ta shimfiɗa shi a gilashi ta fitar masa da sabon baki da reza, ta manna, ta bi gefen da tsinken sakace tana dannawa, kada fenti ya sami kafar kurɗawa. Siririn nan ruwan ɗorawa mai kama da takarda shi take sa wa layi. Kwana-kwanar mota kuwa, akwai na roba mai lanƙwasuwa. Faffaɗan nan na magina, wanda ake samu a kowane shagon siminti, iyakarsa riƙe jarida, ba ya taɓa fenti a gabanta. In wani ya ce ai duk salatif ne, kuma wannan ya fi sauƙi, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Araha ba ta ado, Pak." Babbar dokarta kuma ita ce salatif ba ya kwana a jikin mota. Ranar da aka fesa, ranar ake ɓarewa, don zafin garin nan dafa gam yake yi.

To, ranar wata Laraba da hantsi sai ga Yayuk ta tsaya da babur a ƙofar shago, rungume da kwalin takalmi. Yayuk 'yar Pak Tumiran ce, tsohon direban da ya shekara talatin da ɗaya yana jan shuɗiyar motar haya daga tasha zuwa kasuwa, har 'yan babur suka ƙwace fasinja aka sayar da motar wa masu gwangwan. Bayan ya ajiye tuƙi ne ya samo ƙaramar mota ta ƙarfe mai irin ƙirar tasa, ya ce zai fente ta da hannunsa ta koma ita sak. Ya fesa fari, ya rufe inda farin layi zai zauna da salatif, ya rufe tagogi, ya fesa shuɗi. Da la'asar ɗin ranar, kafin ya ɓare, ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Motar ta shiga durowa da salatif ɗinta, a ɗaki mai rufin kwano, shekara uku.

"Bu, na yi ɓarna," in ji Yayuk, tun ba ta zauna ba.

Bu Sinah ta buɗe kwalin, ba ta taɓa motar ba tukuna. Ta dai kai hancinta.

"Kayu-putih kika sa mata?"

Yayuk ta sunkuyar da kai. Wa zai ga laifinta? Man kayu-putih babu gidan da ba shi. Jariri ya yi kuka a shafa masa, ciki ya murɗa a shafa, sauro ya ciji mutum a shafa, takarda ta liƙe a kwalba a goga masa ta fita. Abin da Yayuk ba ta sani ba shi ne tagogin motar roba ne, man kuwa cin roba yake yi. Ta ɓare salatif ɗin tagar baya, gam ya zauna, ta goga mai, tagar ta yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Ta koma kan layin gefe ta ja bakin salatif, farin fenti kamar ƙwayar shinkafa ya biyo shi. Nan ta tsaya. Garin gyaran gira ta kusa rasa ido.

"Cewa ya yi in jefar da ita a bola," ta ce. "Wai duk ya kalle ta, ranar yake tunawa. Na ce masa to. Amma Bu, wannan ne abu na ƙarshe da hannun Bapak, mahaifina, ya yi. Ko layin bai gani ba."

Cak Solikin ya fito daga ɗakin feshi yana sauke ƙyallen hanci. Ya ɗauki motar ya juya ta.

"Kai! Salatif ɗin magina ne fa. Ya zama ƙashi. Yayuk, kwantar da hankalinki, wannan ba komai ba ne. In tsoma ta a tina, ruwan narkar da fenti, ta kwana, fentin duk ya zube, in sake fesa mata sabo. Jibi ki zo, wallahi sai ta fi ta da kyau. Dubi shuɗin ma, duk ya yi gudaji, kamar da tsintsiya aka shafa."

"In ka yi haka motar wa za ta zama?" in ji Bu Sinah.

"Ta Pak Tumiran mana."

"Taka dai. Shi kuma a kai masa ya kalli gwanintarka. Ajiye min ita nan."

"Bu, da wane hannun?" Ya faɗa a hankali, ba da izgili ba, don ya fi kowa sanin halin da take ciki. Shuɗin fentin ya hau kan salatif ya bushe ya haɗe da na jikin mota, dole sai an bi bakinsa da reza an tsaga kafin a ɗaga, in ba haka ba shuɗin ya ɓare tare da shi. Aikin hannu ne wanda ba ya motsi.

"Da wanda Allah ya bar min," ta ce. Ta juya ga Yayuk. "Ban yi miki alkawari ba, 'yata. In farin ya ƙi zama, ba ni da yadda zan yi. Kada ki gaya masa komai tukuna."

Kwana tara ta yi a kan motar nan. Abu na farko da ta yi shi ne ta daina shan kofi, ita da ko azumi da shi take buɗe baki, don ta lura yana ƙara mata rawar hannu. Mai kofin bakin lungu har aike ya yi a tambaya ko ya yi mata laifi ne. Ta ɗinka 'yar jaka ta cika da ɗanyar shinkafa, ta riƙa ɗora wuyan hannunta a kai. Awa biyu kacal take aikin kullum, da sassafe, lokacin da hannun ya fi biyayya.

Masu ba da shawara kuwa ba su bar ta ta huta ba. Wannan ya ce fetur, wancan ya ce kananzir, wata maƙwabciya ta rantse da ruwan goge farce. Duk ta ce ta gode. Ta san kowannensu zai ɗauke gam, ya haɗa da fentin ya tafi. Man kwakwa ta ɗebo daga kicin ɗinta. Ta gwada shi a ƙarƙashin motar inda ido ba ya kaiwa, ta bar shi yini guda, ta ga fenti bai ce uffan ba. Sannan ta fara ɗiga shi da kan tsinke a bayan salatif, ta bar takardar ta sha, ta dumama wurin da iskar na'urar busar da gashi daga nesa, tana tara bayan hannunta don jin zafin. In ya yi laushi sai ta tsaga gefen da reza, ta kama da matsefata ta ja a kwance, ba sama ba. Wata ran faɗin farce take samu. Wata ran ko rabin haka. Gam ɗin da ya rage, ta murza shi da auduga har ya dunƙule, mai taurin kai kuma ta danna masa sabon salatif ta ɗaga, ta danna ta ɗaga, ɗan'uwansa ya janye shi. Daga ƙarshe ta wanke maiƙon da ruwan sabulun wanke-wanke.

Cak Solikin kan leƙo ya ce, "Bu, kafin ki gama ai an daina yayin mota, kowa ya koma jirgi."

"Je ka fesa abin da za ka fesa, ka daina yi min numfashi a kan aiki."

Ranar ta shida hannun ya ci amanarta. Rezar ta goce a kusa da ƙofar direba, ta ja wa shuɗin tsaga siririya. Ta ajiye rezar, ta ɗora hannun a cinya tana kallonsa yana rawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don a shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa yi wa motar wani rauni ba. Cak Solikin ya zo ya duba, wannan karon bai yi tsokana ba.

"Ɗigo ɗaya zan sa da burushi, ko shi ba zai gane ba."

"Ni zan gane. Bar shi, ni na yi, ni zan faɗa masa."

Washegari ta koma kan aikin kamar ba a yi ba.

Bu Sinah, ke ce wadda aikinta ba ya fitowa sai an cire shi an jefa a kwandon shara. Ke ce mai tsare iyaka tsakanin fari da shuɗi, ba ki taɓa neman a rubuta sunanki a ƙasan ko mota ɗaya ba. Mun ga hannunki yana rawa kina lallashinsa kamar jinjiri, a kan fentin da gwanaye suka ce bai cancanci wahala ba. Da gaskiyar masu cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Tagar da kayu-putih ya ci, ta goge ta da man goge baki yini biyu, ta ɗan washe amma ba ta dawo ba. Ta ce wa Yayuk wannan sai haƙuri. Ranar ta tara da safe sai ta aika a kira ta. Yayuk ta zo ta tarar da mota tas, farin layi ya fito a gefen hagu da baya. Amma a gefen dama saura wani guntun salatif, tsawon ɗan yatsa, yana nan manne.

"Wannan ya gagara ne, Bu?"

"Ya jiƙu tun jiya, na tsaga gefensa, na ɗaga masa kunne. Ko ke za ki iya cirewa."

"To me ya sa..."

"Ba ni na manna shi ba. Tayar da babur ɗinki mu je."

Sun tarar da Pak Tumiran a baranda bisa kujerarsa, hannun dama a kwance kan cinya, faranti da soyayyar ayaba a gefensa bai taɓa ba. Da ya ga abin da aka fito da shi daga kwali sai fuskarsa ta canza. Maganarsa a hankali take fita tun ciwon, amma faɗan direba bai bar shi ba.

"Yayuk. Ba na ce ki jefar ba?"

"Bapak..."

"Ni na hana ta, Pak," in ji Bu Sinah. Ta jawo ƙaramin tebur ta ɗora motar a gabansa. "Ka bar aiki rabi, ka sa tsohuwa ta yi kwana tara ba kofi. Ga ragowar, ƙarasa abinka in tafi."

Ya dubi motar, ya dubi hannunsa na dama. "Da me?"

"Na hagun aro ka yi? Ai sitiyarinka a dama yake, da hagun ka shekara talatin kana canja giyar mota."

Yayuk ta toshe baki. Tsohon ya harari Bu Sinah, ita kuwa ta dafe masa motar da hannu biyu ta tsaya jira. Can sai ya miƙo hagun. Yatsun suka kuskure kunnen salatif sau biyu, a na uku suka kama.

"Kada ka ja sama. Kwantar da shi baya, kamar za ka naɗe tabarma. A hankali, ba rububin fasinja kake yi ba."

Ya ja. Salatif ɗin ya riƙa tashi kaɗan-kaɗan, fari yana biyo bayansa, fari sol wanda rana ba ta taɓa gani ba tun ranar da aka fesa shi. Ya kai ƙarshe, guntun ya rabu da motar ya rage a yatsunsa. Ko ƙwayar fenti ba ta biyo shi ba.

Pak Tumiran ya sunkuya ya ƙura wa layin ido. Hawaye ya taru masa, bai share ba. Ya kai ɗan yatsa wajen tayar baya.

"Shuɗi ya kurɗa nan. Layin ma ya karkace."

"Kai ka manna, Pak, ba ni ba. Da salatif ɗin magina kuma, kamar mai fentin katanga." Ta juya masa motar. "Amma wannan tsagar ta jikin ƙofa tawa ce. Hannuna ya goce. Ka yafe ni."

"Tagar baya kuma ni ce, Bapak," in ji Yayuk da ƙaramar murya.

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Yayuk ta zabura, ta ɗauka wani abin ne, ashe dariya ce.

"Mutum uku," ya ce, "a kan mota ɗaya. Kowa ya yi mata hatsari."

Suka yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Da ta lafa, ya sake jawo motar kusa, ya daɗe yana juya ta da hagunsa.

"Ba ta ƙare ba," ya ce. "Akwai jan layi siriri a ƙasan farin. Da lambar hanya a goshi. In babu su wa zai san inda ta nufa?" Ya ɗago. "Bu, wane irin salatif ake sa wa siririn layi?"

Bu Sinah ta ce daga baya, tambayar nan ta fi mata duk yabon da ba a yi mata ba a shekara ashirin da bakwai. Ta ce masa akwai wani ɗan siriri ruwan ɗorawa, za ta kawo. Ta ce nata hannun rawa yake, nasa ɗaya ya rage, in aka haɗa dai ba za a rasa na mutum guda ba.

Mun gode, Bu Sinah. Mun gode da layukan da muka yaba wa wani alhali naki ne, mun gode da wannan karkataccen da kika ƙi miƙewa don ba naki ba ne. Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya. Ku kuma masu sana'a, ko ta fenti ko ta ɗinki ko ta gini, in aka kawo muku aikin wani da ya tsaya a rabi, kafin ku ce a kankare a sake, ku tambayi wanda ya fara da dalilin tsayawarsa. Sakewa kwana biyu ce, kowa ya iya.

Jiya Yayuk ta biyo ta shago da saƙon mahaifinta. Ya sa an sayo jan fenti, ya ce ran Litinin ƙarfe bakwai za su fara.

"Ya ce in gaya miki, Bu, kada ki makara. Wai motarsa ba ta taɓa jiran kowa ba."